Ranar da Na Bi Bayan Motar Kawu Haggai

Kawu Haggai, yayan mahaifiyata, direban soja ne har ya yi ritaya. Ya dawo Rikoto daga Laberiya da kunnuwan da ƙarar bindiga ta kusa kashewa, sai kuma wata tsohuwar jar mota mai kujera biyu, marar rufi, wadda wani hafsa da ya daɗe yana tuƙawa ya bar masa. Motar ta girme ni nesa ba kusa ba. Matarsa, Mama Margaret, kan shanya kuɓewa a kan bonet ɗinta idan ba ya gida.

Noma yake yi da ɗan gyaran janareto, amma hirarsa ba ta wuce ta ayarin motocin soja. Yakan ce direban ayari idonsa ɗaya a hanya yake, ɗayan a madubi. Na bayanka ya matso, ka ƙara wuta ka ba shi fili. Ya tsaya, ka tsaya, ko da wuta ake yi muku, don ba a barin mutum a baya.

A daminar 2004 na gama jami'a, ina zaune a gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Wata Asabar da safe ya aiko a kira ni. Na tarar ya barbaɗa toka a ƙofar gida, ya bi ta kai da motar.

"Japhet, duba nan. Sawu nawa ka gani?"

"Huɗu, Kawu."

"Biyu ya kamata. Ƙafafun baya ba sa taka inda na gaba suka taka. Tafiyar kare take yi, a karkace. Hau babur ka biyo ni, ka gane min wace ƙafa ce mai laifin."

Mama Margaret ta leƙo ta ce, "Soja, ka bar akwalar nan ta mutu da mutuncinta mana."

"Me ta ce?" Kawu ya tambaye ni.

"Ta ce a dawo lafiya," na faɗa da ƙarfi.

Muka fita bayan gari, tsakanin gonakin dawa. Da farko karkatar kawai na gani. Da muka fara sauka wata doguwar gangara, sai na ga ƙafar baya ta hagu tana leƙowa waje tana komawa, samanta na kwantawa ciki. Duk ramin da ta faɗa sai ta ƙara buɗewa. A ƙasan gangarar akwai kwana da ƙaramar gada, rafin kuma ya cika.

Na danna hon, na yi ihu har muryata ta dushe. Bai ji ba. Na murɗa babur don in sha gabansa, yana ganina a madubi ya ƙara wuta, har da ɗago min hannu. Na sake matsowa, ya sake ƙarawa. Ni ne nake tura shi zuwa gadar. Na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Mama Margaret.

Sai maganarsa ta ayari ta faɗo min: na bayanka ya tsaya, ka tsaya. Na taka birki, na kwantar da babur a tsakiyar titi, na zube kusa da shi.

Ina kwance, kumatuna a kan kwalta, na ga jar fitilar bayansa ta kama. Motar ta rage gudu a hankali. Tana gab da tsayawa ƙafar ta naɗe ƙarƙashinta, gindinta ya daki ƙasa, ta ja kaɗan ta tsaya, ana jin ƙarar rafin daga wurin.

Bai ko kalli motar ba. Ya hawo gangarar da gudu, tsoho da gwiwa mai ciwo, yana kiran sunana. Ya shafa kaina, ya lalube ƙafafuna.

"Ina ne? Ina ka ji ciwo?"

Na nuna masa motar. Ya juya, ya daɗe yana kallo.

Daga baya ya shiga ƙarƙashinta ya fito da ƙarfen da ke riƙe da ƙafar. Tsatsa ta cinye shi ta ciki, ya rabu biyu. Ya juya shi a hannu ya ce, "To, ta hagu ce."

Motar tana kan duwatsu a tsakar gida yanzu, kuɓewa a kanta. Ni kuwa har yau, duk motar da ke gabana, ƙafafun bayanta nake kallo.