Motar Baba Tsaye da Hawan Dutse

Tun yana saurayi ake kiransa Tsaye, da girma ya zo aka ƙara masa Baba a gaba. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake cin abinci, faranti a hannun hagu, yana kai-kawo tsakanin taga da ƙofar kicin. In ya je gaisuwa aka ba shi kujera, sai ya ɗosana a bakinta kamar an zuba ƙaya, kafin a kawo ruwa ya fara laluben makullin mota a aljihu. Matarsa tela ce, kekenta na falo, takan ce ita ba ta taɓa gwada shi a natse ba, sai dai ta bi shi da tef har bakin ƙofa.

Haka ya yi da sana'a. Mahaifinsu ya kai shi koyon kanikanci tare da ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta. Auta ya zauna, shi kuwa ko shekara bai cika ba ya ajiye sifana ya yi gaba. Ya yi kwandasta, ya yi gyaran agogo, ya ɗauki hoto, ya sayar da labule, ya yi rabon burodi. Ba inda aka taɓa korarsa. Da zarar hannunsa ya faɗa a aiki sai ya ji shagon ya yi masa kaɗan, ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi, ya shiga hangen ƙofa.

Abu ɗaya ne bai taɓa gajiya da shi ba, wato motarsa. Ya saye ta a hannun wani tsohon likitan haƙori da ya taɓa yi wa direba. Doguwa ce, ruwan madara, giyarta a jikin sitiyari, kujerunta jar fata da ta tsattsage matarsa ta bi ta ɗinke. Sun sauya gidajen haya ba adadi, ita tana nan. A cikinta aka kawo 'yarsu guda ɗaya daga asibiti, a cikinta yarinyar ta koyi tuƙi. Masu sha'awar tsofaffin motoci sun sha tare shi a gidan mai suna tayawa, shi dai sai ya shafa bonet ya yi dariya ya ja abarsa.

'Yar ta girma ta zama nas, ta yi aure, aka tura ta aiki wani gari da ke kan dutse. Da ta haihu, Baba Tsaye da matarsa suka cika but ɗin mota da kaya, aka ɗaura gadon jariri a saman mota, suka kama hanya. A shimfiɗaɗɗen titi motar ba ta da laifi. Amma da suka fara hawa, titin yana naɗewa a jikin dutse kwana bayan kwana, sai muryarta ta canza. Ya dawo giya ta biyu, ya dawo ta ɗaya, ya take totur har ƙasa. Motar ta yi ta nishi, allurar zafi ta haye, tururi ya turnuƙe daga lagireto, ta tsaya cak a tsakiyar kwana. Manyan motoci suka jeru a baya suna danna hon. Matarsa ta fita da gudu ta cusa dutse a bayan taya. Ƙarshenta wata motar siminti ce ta ja su da sarƙa har ƙofar gidan 'yarsu, maƙwabta suna leƙe.

Ranar ko jikan bai kalla da kyau ba. Yana waje ya buɗe bonet sai surukinsa ya fito, wani mai fara'a da ke sayar da kayan lantarki, waya kullum a hannu.

"Baba, ai wannan turbo take so," in ji shi, yana nuna masa hoto. "Hayaƙin da ke fita ta salansa shi zai juya wata 'yar fanka, ita kuma ta dinga ɗura wa inji iska. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, sai ƙarfi. Ba sai an farke inji ba. Sati guda an gama."

Wannan sati gudan ne ya shiga kunnen Baba Tsaye. Washegari surukin ya sa wani abokinsa ya ɗauke shi a mota mai turbo. Da aka taka, motar ta yi jim kamar tana shawara, sai wani fito ya tashi daga cikin inji, kujera ta manne masa a baya, bishiyoyi suka koma layi ɗaya. Ya fito yana dariya shi kaɗai kamar yaro.

Da suka lallaɓo gida bai zame ko'ina ba sai garejin Auta, rumfar kwanon nan ta bayan kasuwa mai ƙamshin baƙin mai, inda Auta ya yi furfura a kan benci ɗaya. Auta ya saurare shi har ya gama, sannan ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani fistan ya ba shi. Tsakiyarsa a huje, gefen hujin ya narke.

"Na wani ne da ya sa wa tsohon inji turbo," in ji Auta. "Yaya, injinka ya gaji. In ka matsa masa iska, zafi zai yi masa yawa, ga abin da za ka samu. Ka bari mu sauke shi, a rarake silinda, wato a faɗaɗa ramukan da fistan ke hawa da sauka, mu sa manyan fistan. Ƙarfin zai zo tun daga ƙasa, irin wanda hawa ke so."

"Zai kai yaushe?"

"Sai mun samo kaya. Irin nata ba a kowane shago suke ba. Wata biyu, ko uku, ko fiye."

"Kai komai naka sai an tsufa ana jira!"

"To kai ta wani wuri, Yaya. Ni dai hannuna ba zai sa mata wannan abin ba."

Daga nan gidan ya rasa sukuni. Da safe ya tashi yana turbo, da azahar ya koma bayan Auta, kafin magariba ya sake juyawa. Ya tambayi mai gidan mai, ya tambayi direbobin tasha, ya tambayi har mai aski, kowa da tasa. In surukin ya bugo waya, sai Baba Tsaye ya ce masa an gama magana, turbo za a sa. In ya gifta ta garejin Auta ya rage gudu ya leƙa, ya wuce. Ana cikin haka ya sayo turbo na hannu a kasuwar kayan gyara, ya kawo ya ɗora a kan teburin yankan matarsa.

"Malam, wannan dodon-koɗin fa?" ta ce. "Ɗauke min shi, zai ɓata wa mutane yadi. Kuma don Allah ka tsayar da magana ɗaya. Ka yi ta zagaye ni har zare na tsinkewa."

Zuciya ta ɗebe shi, ya kwashi mota da dodon-koɗi ya kai wani sabon gareji a bakin babban titi, mai fitilu da kiɗa. Mai wurin ya leƙa cikin bonet ya ce aiki mai sauƙi ne, sai dai wuri ya yi kaɗan. Za a mayar da batir but, a yanke ƙarfen gefen nan don bututu ya samu hanya. Baba Tsaye ya ce to, ya koma gefe yana kai-kawo. Aka ja layi da alli a jikin ƙarfen. Aka jona injin yanka, ya ɗauki ƙara. Sai idonsa ya faɗa kan wurin da allin ya bi: fentin asali ne, ruwan madara, wanda ko tsatsa bai taɓa ba domin shi da hannunsa yake goge shi. Bai san lokacin da ya fizge waya daga soket ba.

"Bari! Kar ka taɓa ta!"

"Baba, ai kai ka ce a yi."

"Na fasa."

Ya rufe bonet, ya ja motarsa. Turbon ma a can ya manta shi, sai daga baya surukin ya je ya karɓo.

Baba Tsaye ya zarce garejin Auta. Da Auta ya gan shi, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Da sharaɗi. Bayana ya daina ɗaukar nauyi, idona kuma ba ya ganin ƙananan layukan ma'auni sai na yi ta ƙifce-ƙifce. Kai da ka yi gyaran agogo, kai za ka dinga karanta min. Kullum za ka zo."

"Kullum?"

"Kullum, Yaya."

Suka sauke inji da sarƙa, suka warware shi gunduwa-gunduwa, kusoshi a gwangwanaye, kowanne da nasa. Aka kai gangar injin wurin masu rarakewa. Sai jira. An kawo fistan, suka zo ba daidai ba, aka mayar. Wanda ya yi alkawarin kawo gasket, shimfiɗar da ke hana inji yoyo, ya daina ɗaga waya. Baba Tsaye ya share garejin, ya jera sifanu, ya gyara agogon bangon da ya daɗe a mace, ya wanke tagar da ba wanda ya san gilas ce. Sau da yawa ya ɗauki hularsa ya ce shi ya gaji, gara a haɗa ta yadda take. Ya kai bakin kasuwa, ya tsaya, ya dawo. Auta ko kai ba ya ɗagawa, sai ya tura masa bawul da man gogewa ya ce a ci gaba da murzawa.

A wurin murzar nan suka yi hirar da ba su taɓa yi ba. Wata rana Auta ya ce, "Ka san ranar da ka gudu daga wurin koyo, ni maigida ya zane? Wai na san inda ka tafi."

"Ka sani kuwa?"

"Ina fa! Kai kanka ka sani?"

Suka yi dariya har Auta ya riƙe baya.

Ranar da aka tayar da injin, ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya kama. Muryarta ce dai, amma ta yi kauri, kwanon rumfar har yana amsawa. Baba Tsaye ya faɗa ciki zai fita, Auta ya dafe ƙofa.

"Sabon haɗi ne. Sai ka yi ta lallaɓa ta a hankali har ƙarfe ya saba da ƙarfe. Ba gudu, ba hawa, sai na sauya mata baƙin mai na ce ta yi."

Wannan ya fi jiran kaya azaba. Ga ƙarfi yana jinsa a ƙarƙashin ƙafa, ga shi yana rarrafe a gefen titi, masu babur suna wuce shi suna yi masa sannu. Ya zagaye garin har masu shaguna suka fara ɗaga masa hannu. Matarsa ta samu direban kai ɗinki kyauta, ta ce ita wannan gyara ya yi mata rana.

Saura kaɗan Auta ya sake shi sai 'yarsa ta bugo waya, murya cike da murna. An yi mata canjin wurin aiki, an dawo da ita wani asibiti a bakin kogi, kusa da gida, hanya shimfiɗe kamar tabarma. Har sun ɗaure kaya. "Baba, ka huta da hawan nan," ta ce. Ya ce madalla, Allah ya sa alheri. Ya ajiye waya ya fita tsakar gida, ya daɗe yana zagaya motar. Matarsa ta leƙo ta taga tana ƙunshe dariya, amma da ta ga fuskarsa sai ta haɗiye.

Duk da haka ranar da aka sauya mai, da sassafe ya yi hon a ƙofar gidan Auta.

"Ina za mu, Yaya? Ai sun tashi daga can."

"Dutsen bai tashi ba. Shigo."

Suka hau. Auta ya sauke gilas ya karkata kunne waje, Baba Tsaye idonsa ɗaya a titi, ɗaya a allurar zafi. Allura ba ta motsa ba. A kwanar da aka taɓa jan su, motar ta shige a giya ta uku, har ta wuce wata tanka da ke jan ciki. Baba Tsaye ya buga sitiyari ya yi ihu. Auta ya ce, "Riƙe da hannu biyu mana!" amma shi ma bakinsa ya ƙi rufuwa.

A sama ba su da wanda za su gaisar. Suka sha shayi a tasha, suka juyo. Saukowar ce ta zo da nata. Tun kafin rabi wani ƙauri ya cika motar, birki ya yi laushi, sai ya taka ya sake takawa kafin ya kama. Auta ya ce ya saka ƙaramar giya maza. Da ƙyar suka gangara gefe, suka tsaya a wani fili kusa da wata mai sayar da lemo, hayaƙi yana fita daga tayoyin gaba.

Auta ya tsuguna ya leƙa, ya girgiza kai. "Mun ba ta ƙafar gudu, mun manta da ta tsayawa. Birkin nan tun na likita ne."

"Zai kai yaushe?"

"Hucewa? Ko gyara?"

"Duka."

"Hucewa sai anjima. Gyara kuwa, sai mun samo kaya."

Baba Tsaye ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya buga wa matarsa waya ya ce kada ta jira su da abinci. Ta ce ai dama ba ta sa da su ba, kuma in lemon wurin yana da zaƙi su taho mata da shi. Mai lemo ta yanka musu ɗanɗano. Auta ya tsotsa ya yamutsa fuska ya ce tsami, Baba Tsaye ya ce zaƙi, suka tsaya suna musu a kai, mai lemo tana cika musu leda.