Yayen Ɗan Fari da Uwar Cikin Waya

Ɗana na fari bai cika shekara biyu ba wani cikin ya shiga. Uwar mijina ce ta fara ganewa, daga yadda nake yawan tofar da yawu a bayan murhu. Ba ta ja zance ba, ta ce a yaye shi tun nonon bai ɓata masa ciki ba. Aka karɓo rubutu wurin malam ya sha. Ranar kasuwa Inna, mahaifiyata, ta zo daga Kanan-Bakashe ta goya shi ta tafi. Haka ake yi a wurinmu. Yaro ya zauna wurin kaka, kada ya ga uwa, kada ya ji muryarta, har ya manta da nono ya kama kunu. In ya gan ta, aiki ya koma baya.

Ko ƙofar gida ban raka su ba. Ɗan fari ne, ba a nuna an damu da shi, sunansa ma ba ya fita daga bakina. Na zauna ina tace waken awara, nono ya cika ya yi tauri, na ɗaure ƙirji da tsohon kallabi.

Awara nake soyawa a nan Tasawa, ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, su ne masu sayenta. Aikinta ba ya son rabin hankali. Ruwan wake in ya fara tasowa, ka ɗauke kai kaɗan, sai ka ji shi cikin wuta. Ina da waya irin ta shafawa da maigida ya saya mini. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka vokal nake yi, saƙon murya, in danna in yi magana. Abin da ba zan iya tambaya a gaban mutane ba, sai in shiga ɗaki in tambayi Yaya, wana, mai rumfar cajin waya a Kanan-Bakashe. Gida ɗaya suke da Inna.

Na ce, "Yaya, ina kwana. Ya baƙon naku?"

Ya maido mini, "Wane baƙo? Baƙinmu da yawa. Hwaɗi sunanshi mana mu ji."

"Yaya, don Allah."

"Lahiya lau yake, sarkin kuka. Ki kwantar da hankalinki, ni na san maganinshi."

Daga nan wayar ta hana ni sakat. Ta yi ƙara in saki ludayi in ruga, in tarar ba Yaya ba ne, gurup ɗin matan unguwa ne: akuya tana magana da muryar tsoho, wata tana tallar maganin ƙiba, wani kifi mai kan mutum. Ba na son ganinsu, amma da na taɓa ɗaya sai wani ya biyo, in farga ina tsaye ina kallon rawar mutanen da ban sani ba, ƙaurin wake ya cika gida.

Wata la'asar maigida ya dawo daga aikin kabu-kabu da babur, abin ji a kunne, yana dariya tun daga zaure. Ya ce, "Zo ki ga kanki, kin zama tauraruwa."

Hotona ne na sallar bara, da shuɗin lesi. Amma hoton yana motsi. Bakina yana buɗewa, haƙoran sun yi fari sun yi yawa, wuya a sanƙare, idanu suna lumshewa a hankali kamar na hawainiya. Muryar kuma tawa ce, daga vokal ɗin da nake aika wa Yaya aka ɗebe ta. Tana waƙar rarrashi, tana kiran yaron da sunansa na yanka, tana cewa zo wurin Mama, zo in rungume ka. Yawu ya taru mini a baki, na fita na tofar.

Maigida ya biyo ni da wayar. "Intelijans ce, abin da rediyo ke ce ma ƙirƙirarriyar basira. Wanki ya iya abin nan ƙwarai. Tsaya ki ga na biyu."

Na biyun yaron ne a tsakar gidan Inna, ya riƙe waya da hannu biyu yana lasar gilashin. Ya juya ta, ya leƙa bayanta, ya tura baki ƙasan fuskar inda ƙirji ya kamata ya kasance. Ana ta dariya a bayansa. Ni ba dariyar na ji ba. Na ga kofin kunu a gefensa cike, ƙuda sun rufe bakinsa. Na ga zaren da na ɗaura masa a wuyan hannu, wanda har matse shi yake yi, ya zame ya kai gwiwar hannu.

Na ce, "Ba ya cin abinci."

"Ke dai da tsoro. Ba ki ga ya daina kuka ba?"

Uwar mijina tana tankaɗe a gindin itacen bedi, ba ta ɗago ba ta ce, "Ashe har suna ake kira yanzu. Mu dai ba mu ga haka ba." Ban iya ce mata ba ni ba ce, ga fuska, ga murya.

Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Kanan-Bakashe. Ban shiga gidanmu ba, na zagaya gidan maƙwabciya, danga ce kawai a tsakani. Ina zama na ji kaina ina waƙa a can ciki, waƙar ta ƙare ta sake farawa. Da ta tsaya sai kuka ya tashi, siririn kuka marar ƙarfi. Kallabin ƙirjina ya jiƙe.

Maƙwabciya ta kira mini Inna. Ta zo tana share hannu da zane, ta dube ni ta ce, "Mi ya kawo ki? In ya gan ki hwa?"

"Ai kullum ganina yake yi, Inna."

Ta zauna a kan turmi. Ta ce da farko ya fara karɓar kunu, cokali ɗaya, cokali biyu, da kuka da komai. Sai Yaya ya kawo abin nan don a samu barci. Tun daga ranar ya rufe baki, sai ruwa. Yana jira matar cikin waya ta fito ta ba shi nono. "Na yi magana, ya ce ban san zamani ba. Kuma gaskiya in kukan ya yi yawa, ni ma cewa nake a ba shi."

Aka kira Yaya. Ya shigo yana shafa wata wayar, bai ko dube ni sosai ba.

"A'a, ga ta asali ta zo. Wallahi ta cikin waya ta hi ki fara'a."

"Yaya, ka goge ta."

"Ke ba ki san alheri ba. Na yi miki ƴar raino kyauta, ba ta ci ba ta sha, sai caji."

"Shi ma ba ya ci."

"Zai ci. Se normal, yaye ne."

"Ka ɗaga rigarshi ka ƙirga haƙarƙarinshi, sannan ka zo ka yi mini Faransanci."

Ya ɗago kai a karon farko. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce ko ya goge, ta riga ta bazu, duk wanda ya kawo caji ya roƙa an tura masa. Matarsa tana da ita, ƴan matan gidan suna da ita. Yaro yana kuka wani zai miƙa masa.

Inna ta ce za ta kai yaron wurin ƙanwarta, a wani ƙauye bayan Attantane. Gidan ba mai wayar shafawa, rezo ma, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu. Ta ce mini, "Amma ki sani, ba za ki ji labari ba. Ba vokal, ba komi, sai ranar da kika gan mu."

Na ce na yarda. Kukan yana nan ta cikin danga, taku kaɗan ne tsakanina da shi. Na tashi na bi ta bayan gari zuwa tasha.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗi. Na ba maigida wayar na ce ya ajiye, tunda ba abin da nake jira a cikinta. Hannuna ya riƙa kai kansa ƙugu yana lalube. Ina tsaye a kan tukunya, ba abin da zan yi da tsorona sai in zuba wa ruwan wake ido, in ga kumfa ta taru, in rage wuta. A bakin lakwal wata ta ce, "Ke ce mai waƙar nan ko? Yi mana kaɗan." Na ƙulle mata awararta na miƙa mata.

An fara yankan gero Inna ta dawo da shi. Ta kwance goyo a tsakar gida. Ya yi baƙi, kansa duk ƙura, yana riƙe da guntun dafaffen rogo. Ya dube ni, ya dubi uwar mijina, ya koma bayan zanen Inna ya ɓuya. Ban kira shi ba. Na gaida Inna da hanya, na kawo mata ruwa, na zuba kunu a ƙaramin kofi na ajiye a kan tabarma, na koma bakin murhu na juya baya.

Can na ji Inna tana cewa, "Sannu, kada ka ƙware. Ke, akwai saura a tukunyar? Ya shanye."