Ƙwallon Wutar Kawu Wistin

A ƙauyenmu babu wanda bai san Kawu Wistin ba. Wasu sun san shi a matsayin tsohon direban bas da ya tsufa yana kai mutane Valletta, babban birninmu, yana faɗa da masu babur. Wasu kuma mai yatsa takwas suke ce masa, don biyun sun tafi tun yana saurayi a ɗakin wuta, wato rumfar nan ta bayan gonaki inda mazanmu ke haɗa wasan wuta na bikin waliyyin gari. A wurina kuwa ƙanin mahaifiyata ne, kuma tun ina budurwa abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya game da shi: ƙwallon wutar da yake haɗawa duk shekara, ya kuma kashe shi da hannunsa ba tare da kowa ya gani a sama ba.

Abin ya samo asali ne daga gasar waƙa ta ƙasashen Turai, Yurobishin. Mu mutanen Malta ba mu ɗauki wannan gasa da wasa ba, ita ce dai ta ɗauke mu da wasa. Shekaru biyun farko da muka shiga da harshenmu, mu muka riƙe wa kowa wutsiya. Muka yi zuciya muka daina zuwa, muka dawo da Turanci. Mun zo na uku, mun zo na biyu har sau biyu, amma kofin bai taɓa taka tsibirin nan ba. Kullum ta leƙo ta koma.

A shekarar da muka fara zuwa na biyu, washegari Kawu ya shigo shagon shayi na mahaifiyata, wanda yanzu ni ke riƙe da shi, fuskar nan a murtuke. Kowa ya ɗauka takaicin rashin nasara ne. Ashe wani abu ne daban.

"Yanzu da mun ci fa?" in ji shi. "Da me za mu gaya wa duniya? Garin da ke da ɗakin wuta, a ce ko tartsatsi ɗaya babu a shirye? Da tafi za mu yi kamar 'yan makaranta?"

Tun daga nan, duk watan Afrilu sai ya keɓe kansa a wani lungu na rumfar, ya haɗa ƙwallo guda, ya fi kankana girma, ya naɗe shi da takarda da zare. Idan gasar ta wuce a watan Mayu ba mu ci ba, sai ya kai shi gangar ruwa ya danna har albarushin ya mutu. Ajiye shi ba ya yiwuwa, don albarushi ba ya son kwana, kuma danshin teku ba ya barin komai. Na sha ce masa ya bar shi zuwa Agusta a harba a bikin waliyyi. Sai ya harare ni.

"Ke Rozarya, in kika dafa wa baƙo zomo bai zo ba, Fadan coci za ki kai wa ragowar? Abin waliyyi na waliyyi ne. Ba a ba shi saura daga hannun mawaƙa."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, Kawu ba ya ma son waƙoƙin. Duk wadda aka zaɓa sai ya kushe ta. Wannan ihu take yi, wancan wandonsa ya matse, waccan kuma wa ya kunna mata fanka a gashi? Amma ka taɓa tarihin gasar ka ji ruwan bayani: wace ƙasa ta ba mu cikakken maki goma sha biyu, wace ce ta ci amanarmu bayan mutanenta sun cika mana bakin teku duk bazara. Yana da nasa bayanin na rashin sa'armu. "Kowa maƙwabcinsa yake zaɓa," yakan ce. "Mu kuwa maƙwabtanmu kifaye ne, ga su ba su da waya."

Na tambaye shi yadda ƙwallon zai buɗe a sama ya fi a ƙirga. Na yi lallashi, na yi cin hanci da shayi da pastizzi mai zafi, wato irin samosarmu, har fushi na yi. Amsarsa ɗaya ce, wai shi ma bai sani ba, a kansa kawai yake gani. Kelinu, shugaban ɗakin wuta, wanda suka tashi tare, ya ce ya taɓa leƙawa, kuma bai taɓa ganin an jera cikin ƙwallo haka ba. Ko dai abin mamaki ne, ko kuma shirme ne tsantsa. Wannan magana ta ƙara mini ƙaiƙayi.

Bana idon Kawu ya fara tafiya. Likita ya ce ba irin wanda ake wankewa ba ne, kuma kafin hunturu sai dai haske da duhu. Wata ranar Talata da hantsi Kelinu ya same shi a shagona, ya ja kujera, ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Wistin, ka haɗa na bana, ina tsaye a kanka. Daga shi kuma hannunka ya bar albarushi."

"Kai ne za ka tsaya a kaina? Kai da na koya wa ɗaurin zare?"

"Ni ɗin dai. Ka ba rumfar nan yatsa biyu, ba na so ka ba ta ran mutum shida da ke aiki a cikinta."

Kawu ya miƙe. Ya laluba ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar shayinsa. Wallahi sai da na shiga bayan kanta na share hawaye.

Ban taɓa bin gasar da zuciya ɗaya kamar bana ba. Wata yarinya aka tura, waƙar rawa da Turanci, samari na tsalle a bayanta. Kawu ya ce kamar ana gyaran injin wanki, amma na kama shi yana kaɗa ƙafa. Na kunna kyandir a coci saboda waƙar da ko rabin kalmominta ban riƙe ba. Na kira 'yan uwanmu da ke Ingila na ce duk wanda bai jefa ƙuri'a ba kada ya ƙara cin abincina. Sa rai ga ci shi ke kawo jin yunwa. Mun kai zagayen ƙarshe, muka ƙare can ƙasa-ƙasa, inda ba a ko nuna fuskar mutum.

Ranar Lahadi bayan an fito coci na bi Kawu zuwa rumfar, karo na farko a rayuwata. Kelinu na can da sauran mazan. Kawu ya fito rungume da ƙwallon, yana taka ƙasa a hankali.

"Tsaya, Wistin," in ji Kelinu. "Mun yi magana. Za mu nemi izini, mu harba shi ranar Asabar a gonar nan. Ba don waliyyi ba, ba don mawaƙa ba. Don kai, tun kana iya gani."

"Kawu, don Allah," na ce. "Shekara nawa ina jira? Kai kanka ba ka so ka gani?"

"Ina so mana. Kin ɗauka dutse ne ni?" Ya gyara riƙonsa. "Amma in na harba shi ranar Asabar, na yarda ke nan ba za mu taɓa ci ba."

"To in ba mu ci ba har abada fa?"

"Sai a ce ba mu ci ba. Ba za a ce Wistin ne ya fara fid da rai ba."

Raina ya ɓaci sosai. Na so in ce masa taurin kai ne kawai, kuma har yau ban janye ba. Amma ya riga ya juya, ya nufi inda yake zaton gangar take, sai ga shi yana shirin wuce ta. Ya tsaya, ya miƙa ƙafa yana lalube. Mazan nan duk suka sunkuyar da kai.

"Rozarya," ya ce a hankali, "zo ki nuna mini bakinta."

Na kama hannunsa na kai shi. Ya saki ƙwallon a ruwa, sai ya taso sama yana lilo. Ban taɓa sanin yana tasowa ba. Ya danna, ya kuɓuce masa ta gefen da babu yatsun.

"Sa hannu mana, tsayuwar me kike yi?"

Na naɗe hannun rigar cocina, na ɗora tafina a kan nasa. Muka danna tare, muka riƙe, har kumfa ta daina fitowa.