Lambun Inna Hasiya

Da hantsi, in ka bi ta lungunmu a Jibiya, za ka jiyo muryar Inna Hasiya ta bayan katanga tana gaisuwa: "Adama, an tashi lafiya? Imrana, ya ƙishi?" Ba mai amsa mata. Kuɓewa da yakuwa take ba ruwa. Sunayen kuwa na mutanen ƙauyensu ne, can wajen Mazanya, waɗanda 'yan bindiga suka tarwatsa.

Da jikokinta marayu ta shigo garin nan, aka ba su aron wani tsohon gida. Ba a daɗe ba aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi jerin gwano a hanyar Maraɗi, shiru, ba direba ba fasinja, awo ya gagari talaka. Ta dubi jujin da ke ƙuryar gidan, ta ce nan za ta noma abin da za su ci.

Iri ne babu. Hajo maƙwabciyarta ce ta raka ta ƙauyen da rana tsaka, ita ta ba ni labari. Ƙofofi a buɗe, taɓarya a cikin turmi, shanya a kan igiya har ta koɗe, ko kukan kaza babu.

"Na ce, Yaya Hasiya, mu koma, jikina bai ba ni ba. Ta ce, mi kike ma sauri? Bari in yi masu sallama."

Gida-gida ta bi tana sallama, ta tsaya kamar za a amsa, sannan ta shiga ta kwanto ƙullin iri.

Kowane iri da sunan mai shi ta shuka, a buhuna da tsofaffin tayoyi da fasassun kwanoni. Takin awaki, ruwan wankin hatsi, ba ta zubar da komai. Wake ya hau katanga, kabewa ta hau rufi, dankali ya cika buhu. Mu kuwa muka fara tsoron gidan, ana raɗe-raɗin da mutanen ɓoye take hira.

Bara da kaka wata mata ta yi sallama, a rame, ba takalmi. Sumayya ce 'yar ƙauyensu, wadda aka sace har aka fid da rai. Inna ta kama hannunta zuwa gindin waken da ta shuka da sunanta.

"Ga naki nan, ɗiyata. Ban bari ya mutu ba."

Sumayya ta durƙusa nan gindin waken.

Inna, ke ce kika ciyar da gida da abin da aka gudu aka bari, jikokinki ba su taɓa kwana da yunwa ba. Mun gode, Allah ya ƙara miki lafiya. Duk mai taku biyu na ƙasa a gidansa, ya je ya karɓi iri a wurinta. Ba ta sayarwa. Sunan mai shi kawai za ta faɗa maka, ta ce ka sa shi a addu'a.