Tumakin Idwal Sun Manta Dutsensu

Idwal Rowlands ya gaji gonar Cae Mawr, a arewacin Wales, tare da garken da ya san wurinsa. Dutsen da ke bayan gidan ba shi da shinge. Garke huɗu ke kiwo a kansa, kuma kowanne ya san iyakarsa, domin tunkiya ce ke nuna wa ɗiyarta inda ake ci da inda ake fakewa in ƙanƙara ta sauko. Na Idwal sun riƙe wata fadama mai baƙar ƙasa tun zamanin kakansa. Tsoronsa ɗaya a rayuwa shi ne wannan sani ya yanke a hannunsa.

A farkon watan Mayu na 1986 aka yi ruwa mai ƙarfi. Ruwa ba labari ba ne a nan. Shi da matarsa Tegwen sun jiƙe sharkaf suna duba 'yan raguna, suka dawo suka sha shayi. Daga baya rediyo ta ce gajimaren ya ɗebo ƙurar tashar nukiliyar Chernobyl da ta fashe.

Aka hana sayar da tumakin dutse sai an auna su. Mai awon ita ce Eluned, 'yar maƙwabcinsa, wadda ya sani tun tana rarrafe. Takan manna bakin na'ura a cinyar ɗan rago, ta duba abin da ta nuna.

"Kawu Idwal, riƙe shi mana da kyau. Ko ƙarfin ya ƙare ne?"

"Ke dai danna abinki, likitar tumaki. Wai me kike nema a gindin rago?"

"Siziyam, wani sinadari da ke cikin ƙurar nan. Ƙwayarsa ba ta zama lafiya, sai ta fashe ta fitar da wani haske da ido ba ya gani. Shi na'urar ke ƙirgawa."

"To, yaushe zai gama fashe-fashen?"

"Shekara talatin, rabinsa ya tafi. Wata talatin, rabin abin da ya rage."

"Sai ki zo ki faɗa min a maƙabarta."

Wanda ya wuce ƙa'ida sai a shafa masa fenti a ka, a sauko da shi kwari. In ya yi makonni yana cin ciyawa mai tsabta, abin yakan fita daga jikinsa. Daga ƙasa ne ba ya fita. Ƙasar laka takan kama siziyam ta riƙe, amma baƙar ƙasar fadama sai ta miƙa wa ciyawa, ciyawa ta miƙa wa tunkiya, kashin tunkiya ya mayar wa ƙasa. Maƙwabta aka yi ta sakinsu daga dokar awon ɗaya bayan ɗaya. Tumakin Idwal kuwa, duk inda aka kora su a dutsen, kafin azahar sun koma fadamarsu.

"Ka sauko da su gaba ɗaya, mutumin nan," in ji Tegwen. "Masu jiran awo suna cinye ciyawar da za ta kai mu ƙarshen sanyi."

"In sun sauko, wa zai nuna wa na baya hanya?"

"Kai mana. Ai ka fi su taurin kai."

Bai sauko da su ba. Shekara kusan ashirin yana riƙe raguna ana aunawa, fenti ya zauna masa a gefen farce. Bai yi zanga-zanga ba, bai je taro ba. Abin ba shi da wari, ba shi da launi, bai san da wa zai yi faɗa ba.

Sai Tegwen ta rasu, gwiwoyinsa kuma suka daina hawa. Ya rage garken, ya tsare sauran a kwari, ya ce na ɗan lokaci ne. Tsofaffin tumaki sun yi ta tsayawa a bakin ƙofar da ke fita zuwa dutse suna kuka. Da sannu suka ƙare, aka haifi wasu a cikin shinge.

A 2012 aka ɗage dokar. Eluned, da furfura a kanta, ta zo ba na'ura.

"Kawu, an sake ka. Sai ka nemi wata mai tsokanarka."

"Abin ya tafi ke nan?"

"Yana nan. Ya dai ragu."

Ya ɗauki sanda, suka taka zuwa ƙofar dutse, ya buɗe ta har ƙarshe. Ya yi fito irin na kakansa. Tumakin suka ɗago kai. Biyu suka fita, suka ci ciyawar gefen hanya, suka tsaya suna kallon gangaren kamar bango. Karensa ya kora su sama, suka watse ko'ina, wasu cikin wurin maƙwabta. Da ya janye kare, suka gangaro da gudu suka shige shinge.

"Gobe mu sake gwadawa," in ji Eluned.

"Ba wadda ta taɓa zuwa can a cikinsu."

Ya ja ƙofar, ya ɗaure ta da igiyar da ke wurin. Ya tambaye ta ko za ta sha shayi.