Mai Cike Rijiyoyin da Ya Haƙa

Kawuna mahaƙin rijiya ne. Goma sha bakwai ya haƙa a ƙauyenmu, tun muna gida talatin da hanya guda. Magana ba ta dame shi ba. Innarmu takan ce a can ƙasa ya baro muryarsa. Amma ka miƙa masa ruwa a kofi, kurɓa ɗaya zai gaya maka rijiyar da aka ɗebo shi.

Sai birni ya fara matsowa. Kwalta ta zo, sai gidan mai, sai masu awon fili da jan fentinsu. Gonaki suka zama fuloti, fuloti suka zama gidaje masu doguwar katanga. Aka jawo famfo. Masu sababbin gidajen ba sa son rami inda yaransu ke wasa, kuma in leburori suka cike rijiya da ɓaraguzai, damina ɗaya ƙasar ke lotsawa. Kawu kaɗai ya iya: duwatsu a ƙasa, sai tsakuwa, sai jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa. Haka sana'arsa ta juya. A shekara goma sha ɗaya ya cike sha shida, bai taɓa ƙorafi ba. Ni ma, gaskiya, ban ji komai ba. An saba.

Wadda ta rage ita ce ta farkonsa, wadda suka haƙa da mahaifinsa, a inda wani likita zai riƙa ajiye motoci. Ita ya yi ta ja wa rai: yau ciwon baya, gobe babu duwatsu. Sau biyu ya je roƙon a yi mata murfi kawai. Likitan ya saurare shi da ladabi, ya kira shi Baba, ya ce injiniya ya riga ya zana taswirar gidan.

Ni na kai masa duwatsun a motata. Kafin ya fara, ya zura guga ya sha, ya cika gora ɗaya.

"Bai canja ba," ya ce.

Kwana uku ya gama, ko alama babu.

Da muka koma gida, matarsa ta tare shi da jarka biyu, ta ce kwana biyar ke nan famfo bai kawo ba. Ta hangi gorar, ta miƙo hannu. Ya ɗan tsaya, sannan ya ba ta. Ta juye a tukunya ta ɗora girki, shi kuma ya ɗauki jarkokin ya tafi bin layin ruwa.