Sandar Ɗanbaba a Bakin Teku

Duk safiyar da ruwa ya janye a tashar jiragen Bahiya ta ƙasar Birazil, Ɗanbaba yakan gangaro daga tudu, ya kafa sandarsa a yashi, ya tara samarin Hausawan da jirgin bayi ya sauke kwanan nan. Ba ya dogon bayani. "Ku zauna ku zuba mata ido," shi ke nan. Kafin azahar ruwa ya haɗiye sandar har wuya, samari sun yi tsuru-tsuru. Daga nan sai ya fara koya musu iyo.

Masuncin Yawuri ne, a kan Kwara ya tashi, kuma sanin kogin nan shi ya cuce shi. A shekararsa ta farko a nan, abokinsa Audu, wanda bai iya ruwa ba, ya tambaye shi ko ya je wanki kan duwatsun can ciki. Ɗanbaba ya yi dariya. "Haba Audu, da ranin nan? Ruwa ba ya tashi sai damina." Allah sarki! Kogi ya sani, bai san teku sau biyu yake cika kullum ba. Audu bai dawo ba.

Shekara ashirin ke nan, har ya sami 'yancinsa, bai bar sandar nan ta huta ba.

Amina mai ƙosai, wadda ke suya a bakin tashar, ita ta shaida abin da ya faru da Idirisu. Saurayi ne da aka jefa gawar wansa a teku yana ji yana gani, tun daga ranar ko kallon ruwan ba ya yi. Ga shi ɗan dako, dole ya shiga ruwa har ƙirji ya sauke kaya daga kwale-kwale. Ubangidansa ya rantse, in wata ya ƙare bai shiga ba, zai sayar da shi ga masu gonakin rake, inda ƙarti ke ƙarewa cikin 'yan shekaru.

Ɗanbaba bai ja shi ba, bai yi masa gori ba. Kwana tara yana zama kusa da shi a yashi. Ran na goma yaron ya fashe da kuka.

"Baba, ba zan iya ba. Yayana yana ciki."

"Ni ma abokina yana ciki, ɗana," in ji tsohon. "Taso mu matsa kusa, mu yi musu addu'a."

A ruwa iya idon sawu suka yi fatiha. Washegari iya gwiwa. Wallahi wata bai ƙare ba sai da Idirisu ya ɗauko buhu daga kwale-kwale a ka.

Kai ne, Ɗanbaba, ka ɗauki kuskurenka ka kafa shi a fili, don kada wani ya sake mutuwa a kansa. Uban marasa uba, samari nawa ke numfashi yau saboda kai? Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk wanda ya san wani abu game da ruwan nan, don Allah kada ya tafi da shi kabari, ya koya wa na baya.

Yanzu idanun tsohon sun tafi, ba ya ganin ruwa sai dai ya ji ƙararsa. Jiya da safe an sauke sababbin yara. Idirisu ya riƙo hannunsa har bakin yashi, ya karɓi sandar, ya kafa, ya juya ga yaran.

"Ku zauna ku zuba mata ido," in ji shi.